Kayan gyaran famfon ruwa na Yamaha Enduro 40: suna maganin zafin inji, amma ba kowane zafi ba

Injin Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40 ba baƙo ba ne a ruwan ƙasar nan. Shi ne a bayan ƙananan jiragen da ake ɗaukar 'yan shaƙatawa a tafkuna da madatsun ruwa, shi ne kuma a bayan kwale-kwalen fito a Neja da Binuwai. Inji ne mai silinda biyu da ake haɗa masa fetur da mai a tanki ɗaya, mai juriya, wanda bakanike zai iya kwancewa a bakin ruwa da sifana da sukudireba. Wuri guda ne ba ya yafe sakaci, wato wajen sanyaya shi. Wannan sharhi a kan fakitin kayan gyaran famfon ruwa ne da kamfanin yake sayarwa domin wannan inji. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne fakitin ya cancanci kuɗinsa, kuma ya fi sayen impela, wato robar da ke tura ruwa a cikin famfon, ita kaɗai nesa ba kusa ba, sai dai mutane da yawa suna sayensa ne domin cutar da ba tasa ba.

Injin jirgi ba shi da lagireto irin na mota. Ruwan da jirgin yake kai shi ne yake sanyaya shi. Ruwa yana shiga ta ƙananan ramuka masu raga da ke gefe biyu na ƙafar injin, sama da farfela kaɗan. Famfon yana zaune a saman akwatin giya, sandar da ke kawo juyi daga inji zuwa farfela ta ratsa tsakiyarsa. Muddin inji yana kunne, ko an sa giya ko ba a sa ba, famfon yana juyawa, yana tura ruwa ta wani siririn bututu zuwa sama, ruwan ya zagaya silinda da kan silindar, ya fita tare da hayaƙi ta ƙasa. Ɗan kaɗan daga cikinsa ne ake karkatarwa ya tsarto ta wani ƙaramin rami a ƙarƙashin murfin inji domin direba ya ga shaidar famfo yana aiki. Wannan tsartuwar ita ce abin da ido zai fara nema duk sanda aka tayar da inji.

Idan aka buɗe fakitin, abin da za a fara gani shi ne impela, wato robar nan mai fukafukai da ƙarfe a tsakiyarta. Sai kofin ƙarfe mara tsatsa da take juyawa a ciki, da faifan ƙarfe da take zama a kai, da gasket mai hana yoyo tsakanin ƙarfe da ƙarfe, da zoben roba, da wani ɗan mitsitsin ƙarfe mai siffar rabin wata wanda yake maƙale impela da sanda. Kaya ne da ba su cika tafin hannu biyu ba, shi ya sa mai saye yakan ga kamar an tsawwala. Amma sai an fahimci yadda suke aiki tare kafin a gane dalilin haɗa su wuri ɗaya.

Impela ba a tsakiyar kofin take zaune ba, ta ɗan karkata gefe guda. A ɓangaren da ke da fili fukafukan suna miƙewa su ɗebi ruwa, a ɓangaren da ya matse kuma su lanƙwashe su matso shi waje. Ƙarfin famfon gaba ɗaya ya dogara ne da yadda bakin robar yake manne da bangon kofi, da yadda samanta da ƙasanta suke manne da ƙarfe ba tare da rata ba. To ruwanmu ba garau yake ba. Da damina Neja da Binuwai jajir suke da laka, da rani kuma ruwa ya ja baya, ƙafar inji tana sharar yashi a duk inda aka tsaya. Wannan yashin yana shiga famfo, ya riƙa zana layuka a jikin kofi da faifai. Idan ka goga farce a kan tsohon faifai ka ji yana sarƙewa, ya gama aiki. Sabuwar impela a kan faifai mai zane ba za ta riƙe matsi ba, ruwa zai riƙa zillewa ta cikin zanen ya koma baya, kuma zanen zai cinye bakin robar cikin ɗan lokaci. Nan ne ake jin mai jirgi yana cewa ai bai daɗe da canza impela ba amma inji ya koma ɗaukar zafi. Da gaske ya canza, rabin aikin ne kawai aka yi.

A nan kayan asali suka yi fice. Kofin yana shiga gidansa daidai, kunnuwansa su faɗa gurbinsu ba tare da an buga ba. Faifan a miƙe yake sumul, ramukan noti sun yi daidai da na gasket. Robar tana da laushi amma da ƙwari, idan ka lanƙwasa fiffike ka saki zai dawo tsaye nan take. Jabun da suka cika kasuwa sukan faɗi a wuri uku. Ko dai robar ta yi tauri, ko tsayin impelar ya gaza da ɗan abin da ido ba ya gani har a sami rata, ko kuma, wanda ya fi muni, robar ta rabu da ƙarfen tsakiyarta. Idan haka ta faru sanda tana juyawa, ƙarfen yana juyawa, robar kuwa tana tsaye cak. Ka buɗe ka ga impela lafiya lau ba fiffiken da ya karye, alhali ba ta tura ko ɗigon ruwa. Hanyar ganewa ita ce a riƙe robar da hannu ɗaya a gwada murɗa ƙarfen tsakiya. Idan ya motsa ko kaɗan, a jefar.

Ba duk wanda ba Yamaha ba ne jabu. Akwai kamfanonin da suka daɗe suna yin kayan maye gurbi da sunansu a jiki, irin su Sierra, kuma kayansu suna aiki. Abin gudu shi ne wanda aka buga masa tambarin Yamaha alhali ba shi ba ne. A sayi fakitin wajen dillalin da aka sani, a duba ledar a rufe take, kuma kafin a bar gida a karanta farantin da ke jikin maƙalin injin. Enduro 40 ba iri ɗaya ba ne. Kayan E40X lambarsu takan fara da 66T, kuma ba a ɗauka za su shiga tsofaffin E40G da E40J. Wanda ya je kasuwa ya ce a ba shi "na arba'in" kawai yana iya dawowa da abin da ba zai zauna ba. Ɗaukar tsohuwar impela a tafi da ita ya fi dogon bayani.

Kafin a kashe kuɗi, a tabbatar famfon ne. Idan inji ya yi zafi a kan ruwa, ko ƙararrawa ta yi kuka a injunan da ke da ita, ko gudu ya faɗi da kansa zuwa wajen juyi 2000 a minti ɗaya saboda na'urar kariya ta kama, abu na farko shi ne a rage wuta, a cire giya, a dubi tsartuwa. Idan babu, a kashe nan take. A ɗaga ƙafar inji a duba ragar. Sau da yawa leda ce ta manne, ko kainuwa, ko ganyen kachala, ko guntun koma. Wani lokaci da zarar an kashe inji ledar takan saki ta tafi abinta, a ɗaga a ga ba komai, a yi ta mamaki. A bar injin ya huce da kansa. Kada a kwarara masa ruwan sanyi, domin kan silinda alminiyon ne, yana iya banƙarewa ko ya tsage.

Rashin tsartuwa shi ma ba kullum yake nufin famfo ya mutu ba. Ramin ƙarami ne ƙwarai, ƙwayar yashi guda tana toshe shi, kuma injin da ya yi makonni a ajiye a rumfa, zanzaro yakan cusa masa laka a daidai wurin. A zura igiyar fatsa mai kauri ko siririyar waya mai laushi a sosa ramin, ko a cire ɗan tiyon da ke bayansa a busa. Idan ruwa ya dawo da ƙarfi kuma kan silinda bai wuce ɗumi ba, an gama, ba a buƙatar fakiti.

Lokacin da zafin yake zuwa yana nuna inda matsalar take. Injin da ke zafi idan ana tafiya a hankali ko yana tsaye a silo, amma ya ɗan sauka idan an ba shi wuta, kusan kullum impelar ce ta gaji. A ƙaramin juyi aikin duka a kan ƙarfin robar yake, fukafukan da suka sandare a lanƙwashe ba sa iya jan ruwa, amma idan gudu ya ƙaru, saurin juyi da ruwan da tafiya ke turowa cikin raga suna rufa mata asiri. Wannan shi ne ciwon da fakitin nan yake warkarwa sarai. Akasin haka, injin da yake lafiya a hankali amma ya yi zafi da zarar an buɗe wuta, a nemi abin da ke rage yawan ruwa ko yake shigar da iska: raga da ta toshe rabi, gasket ɗin ƙasan faifai da ya yage, robar bakin bututu da ta murɗe, laka da ta cika hanyoyin ruwa, ko injin da aka ɗaura shi sama da kima. Idan kuwa tsartuwa tana fita da ƙarfinta amma kan silinda yana ƙuna, a bar famfo a nufi tamostat, wato 'yar na'urar da ke buɗe wa ruwa hanya idan inji ya ɗau zafi.

Ɗaura kayan aikin awa ɗaya ne zuwa biyu ga wanda ya saba. A cire hular filogi domin kada inji ya tashi bisa kuskure. A sa giya a inda littafin injin ya ce, a kwance mahaɗin sandar giya, a lura da yadda yake kafin a taɓa shi, domin idan aka mayar da shi ba daidai ba giyar gaba ko ta baya za ta ƙi shiga. A kwance notocin da ke riƙe da akwatin giya. A injuna da yawa akwai noti guda da ke ɓoye a ƙarƙashin ɗan fiffiken ƙarfen da ke saman farfela, kuma mutane sun sha fasa ƙafar inji da guduma saboda ba su san da shi ba. A yi wa fiffiken alama kafin a cire shi domin ya koma yadda yake. Idan akwatin ya sauko, a kafa shi a tsaye, a kwance gidan famfo, a zare shi ta saman sanda, sannan impela, da ɗan rabin watan, da faifai, da gasket. A kankare ragowar tsohon gasket tas ba tare da an ƙwarzane alminiyon ba.

A tsaya a dubi tsohuwar impela da kyau, a ƙirga fukafukanta. Idan ɗaya ya ɓace ko gefensa ya gutsure, guntun bai narke ba, yana nan a wani wuri, ko a bakin bututu, ko a gidan tamostat, ko a hanyar ruwa ta cikin silinda. Sai an nemo shi. A cire tamostat a turo ruwa da tiyo daga sama ya fito ta bututun ƙasa, a tara a bokiti a ga abin da ya fito. Wanda ya tsallake wannan mataki zai ɗaura sabon kaya injin ya ci gaba da zafi, ya ɗora wa fakitin laifi.

Wajen mayarwa, gasket da faifai ne farko, sannan ɗan rabin watan, a ɗan shafa masa giris domin ya tsaya a gurbinsa. A zuro impela a tabbatar tsagin cikinta ya hau kansa. Idan ya zame ya faɗi ba a lura ba, sanda za ta yi ta juyawa impela tana zaune. A shafa ruwan sabulu ko giris na ruwa kaɗan a cikin kofin, a sauko da gidan famfo, ana danna shi ƙasa ana juya sanda ta hannun dama, yadda hannun agogo yake tafiya idan ana kallonta daga sama. Haka fukafukan za su kwanta ta fuskar da ta dace. A ɗaure notoci a gicciye, kaɗan-kaɗan, ba da ƙarfin tsiya ba, domin gidan yana tsagewa. A shafa giris a haƙoran saman sanda, amma kada a ɗora a kan ƙoƙonta, domin giris ɗin da ya taru a can yana hana sanda shiga har ƙarshe. Lokacin ɗaga akwatin, ido ya kasance a kan bututun ruwa, a ga ya shiga robar bakin famfo sosai. Tunda akwatin yana ƙasa, asara ce a mayar da shi ba a duba man giya ba. Idan ya fito fari kamar madara, ruwa yana shiga ta sil, wato robar da ke hana ruwa shiga akwatin giya, kuma sil ɗin da ke ƙarƙashin famfo ba ya cikin wannan fakiti.

Gwaji a cikin duro ake yi ko a kan ruwa, kuma ruwan ya haura faffaɗan farantin da ke saman farfela sosai yadda famfon kansa zai nutse. Kada a taɓa tayar da inji a busasshe, ko da na "bari mu ji ƙararsa" ne. Ruwa shi ne man robar nan. Babu shi, cikin daƙiƙoƙi kaɗan bakinta yake ƙonewa, zafin kuma ya narkar da gidan famfo. Wannan ɗabi'a ta ja igiya a kan tudu kafin a sauka ruwa ta kashe impela da yawa. Bayan an tayar, idan daƙiƙa 10 zuwa 15 suka wuce ba tsartuwa, a kashe a sake dubawa.

Tamostat tana ƙarƙashin wani ɗan murfi a saman silinda, kuma gwada ta ba wuya. Zafin da take buɗewa a rubuce yake a jikinta, yawanci 50 ko 60 a ma'aunin Selsiyos. A rataye ta da zare a tukunyar ruwa, a ɗora a wuta da ma'aunin zafi a ciki. Ta fara buɗewa a kusa da lambar, ta buɗe kamar milimita 3 ko fiye idan zafi ya ƙaru, ta rufe idan ruwan ya huce. Idan ta ƙi, a sauya ta tare da gasket ɗinta. Al'adar cire ta a jefar wai ƙasarmu da zafi ba dabara ba ce. Injin da ba ya kai zafin aikinsa ba ya ƙone mai da kyau, filogi yana baƙi, gawayi yana taruwa a zoben fistin.

Akwai kuma zafin da ba ruwansa da ruwa. Bayan awa 10 na farko na sabon inji da ake ninka mai, ma'aunin da aka saba a Enduro shi ne 50 da 1, wato mililita 20 na mai a kowace lita ta fetur, rabin lita ke nan a tanki mai lita 25, kuma man injin jirgi mai alamar TC-W3, ba baƙin man mota ba. Ƙarancin mai, ko kafireto da datti ya rage masa fetur, ko filogi mai lambar da ba tasa ba, duk suna ƙona fistin alhali tsartuwa tana fita lafiya. Farfela mai girma fiye da kima ko lodin da ya wuce ƙarfin jirgi suna danne inji ya kasa kai juyin da aka tsara masa, wanda a wannan aji yake tsakanin 4500 da 5500 idan an buɗe wuta duka. Tsayin ɗauri ma abin aunawa ne: farantin saman farfela ya yi daidai da ƙasan jirgi ko ya sauka da abin da bai wuce milimita 25 ba. Injin gajeriyar ƙafa na bayan jirgi mai inci 15 ne, mai doguwa na inci 20. Aka sa gajere a inda dogo ya kamata, raga za ta riƙa shaƙar iska duk sanda jirgi ya hau igiyar ruwa ko ya sha kwana.

Injin da ya taɓa yin mummunan zafi har fenti ya canza launi a kan silinda, a auna matsin silindarsa kafin a saya masa komai. Idan bambancin silinda biyun ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, ko aka ga ɗigon ruwa a bakin filogi, ko filogi ɗaya ya fito tas kamar an wanke shi, gasket ɗin kan silinda ya ƙone. Hayaƙi yana kutsawa cikin hanyar ruwa yana kore shi, kuma famfo sabo dal ba zai hana wannan ba.

Inda fakitin ya gaza a ganinmu wuri biyu ne. Yawanci ba ya zuwa da gidan famfon kansa, alhali injin da aka tayar a busasshe gidan ne yake fara narkewa ta ciki, kofin ya daina zama daidai. Duk wanda ya ga alamar narkewa ko baƙin ƙuna a gidan, ya saye shi daban, kada ya yi fatan sabon kofi zai gyara. Na biyu, ba a haɗo shi da bayanin ɗauri mataki-mataki da zai wadatar da sabon hannu, an bar wannan ga littafin gyara wanda ba kowane mai jirgi ne yake da shi ba.

Batun daɗewa kuma, jadawalin gyara na injunan Yamaha da yawa yana cewa a duba famfo duk awa 100 ko shekara guda, a sauya a awa 300 ko shekara uku. A ruwa mai yashi irin namu mun fi natsuwa da a buɗe duk shekara bayan damina a sauya abin da ya zanu. Masu jirgin shaƙatawa su ne suka fi yaudarar kansu a nan, domin suna ganin injinsu bai yi aiki da yawa ba. Zaman ne yake kashe robar. Impelar da ta yi wata shida a matse a fuska ɗaya cikin zafin bazara takan sandare a haka, ranar da aka fito da iyali yawo kuma fiffike ya karye a tsakiyar tafki. Fakitin ajiya a cikin jirgi yana da amfani, tare da sifana da igiyar sosa rami, amma a bar shi cikin ledarsa, a akwatin da rana ba ta dukansa kuma fetur ba ya zuba a kai.